Kifin da Ke Gadin Ƙwansa

Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tabkuna biyar na ruwan daɗi. Ɗaya daga cikinsu shi ne tabkin Eri. A can ana kama wani kifi da ake kira bas mai ƙaramin baki. Yana son wurin duwatsu da tsakuwa. Da fatsa ake kama shi, ana sa masa tana ko ƙaramin kifi.

A watannin Mayu da Yuni, namiji yakan share gurbi cikin tsakuwa, inda ruwa ba zurfi. Mace ta zuba ƙwai ta tafi. Namijin ke tsayawa gadi har ƴaƴan su yi wayo. Duk abin da ya matso sai ya kai masa cizo, don haka kama shi ba wuya.

Nan ne haɗarin yake. A 1990 aka gano wani baƙon kifi, gobi, wanda jiragen ruwa suka kawo daga Turai. Da an cire mai gadi, sai gobi su afka wa ƙwan su cinye. Saboda haka a 2004 jihar Ohayo ta kafa doka: wanda ya kama bas lokacin zuba ƙwai, ya maida shi ruwa nan take.

Mu ma akwai darasi gare mu. Karfasar da muke kamawa a tabkin Madarunfa da Tabalak, uwa ce ke riƙon ƙwai cikin bakinta. In mun kama ta da ƙwai, mun kashe ɗaruruwan ƴaƴa. Mu maida ta ruwa, kuma mu guji koma mai ƙananan idanu.