Amsoshin Tambayoyinku: ƙaramar bindiga ta aljihu

Tambayarmu ta fito daga Malam Sani, wani falke a Salaga, ƙasar Gana. Yana cewa yakan bi hanyar Yendi har Bawku da kuɗin fatauci, to wace ƙaramar bindiga ce ta dace ya riƙa sawa a aljihu?

To Malam Sani, mun gode. Kafin a zo maganar iri, sai an fara da lasisi. A Gana, dokar makamai ta 1972 ta hana mutum riƙe bindiga sai da lasisi daga 'yan sanda. Za a binciki halinsa, a yi wa bindigar rajista da sunansa, kuma lasisin nan duk shekara ake sabunta shi. Ƙaramar bindiga ta fi ta farauta wuyar samun izini, don sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta amince. Wadda maƙera ke ƙerawa a ɓoye kuwa, kama mutum ake yi da ita.

Sai maganar Bawku, a saurara da kyau. Saboda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, gwamnati ta sha sanya dokar hana fita, tare da hana kowa ɗaukar makami a garin da kewaye. Kowa fa, Malam Sani. Shingayen sojoji da 'yan sanda suna hanya, kuma suna caje.

A ganinmu, tunda kuɗin ne abin tsoro, a tura su ta banki ko ta waya, a yi tafiya da rana tare da 'yan uwa fatake.