Ina Yaro Ya Ke Wuni?

A Ingila da Amurka akwai gidaje waɗanda aikinsu ke nan: a kawo musu yaro da safe, a biya kuɗi, a zo a ɗauke shi da yamma. Akwai irinsu domin tsofaffi waɗanda ba su iya zama su kaɗai, har ma akwai na karnuka. Yanzu kuwa ana samun na yara a Kano da Kaduna, inda matan da su ke aikin ofis ko asibiti su kan bar 'ya'yansu. Mu na karkara mu kan yi dariya in mun ji wannan, mu ce, "Ai mu muna da kaka, muna da 'yar reno, ga kuma tsakar gida." Gaskiya ne. Daga Anka har Bukkuyum da Gummi, mace ba ta cika biyan kuɗin reno ba. In za ta rijiya ko daka, sai ta kwance goyo ta miƙa wa uwar miji, ko kuwa ta ɗaura wa yarinya 'yar shekara bakwai. Al'ada ce mai kyau, ba mu so ta mutu. Amma a darasin wannan wata muna so mu duba abu na ukun nan, watau tsakar gida. Gama a Zamfara an ga yaro yana wuni a gaban masu ƙaunarsa duka, ƙasar da ya ke zaune a kai kuwa tana kashe shi.

Ga yadda abin ya faru. Wajen shekarar 2009 zinariya ta yi tsada ƙwarai a kasuwar duniya. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa haƙar dutse mai zinariya, suna kawo shi gida cikin buhuna. Su fasa, su niƙa a injin niƙan hatsi, waɗansu mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida. Ba su sani ba dutsen nan cike ya ke da dalma. Ƙurarsa ta sauka bisa ƙasa, bisa tabarma, bisa kwanon tuwo.

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a ƙauyukan, ba wanda ya kula. Sa'an nan sai yara: amai, ciwon ciki, kasala, daga nan jijjiga, daga nan rasuwa. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda su ke yawon neman masu sanƙarau, suka tarar da sababbin ƙananan kaburbura da yawa. Da aka bincika ƙauyuka biyu a watan Mayu, aka iske cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, watau ɗaya bisa huɗu. Jimlar waɗanda suka mutu a yankin ta kai wajen 400. Cikin waɗanda suka rayu kuwa, akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda jikinsu ya shanye, akwai waɗanda karatu ba zai taɓa zauna musu ba.

Don me yara suka mutu, iyayensu masu niƙan dutsen kuwa suna tsaye? Ku dubi yaro mai rarrafe na sa'a ɗaya kawai, za ku ga amsa. Hannu a ƙasa, hannu a baki, haka ya ke yi dukan yini. Har wa yau, cikinsa yana shan dalma ninki huɗu ko biyar bisa na babba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba. Mai juna biyu ma tana miƙa gubar ga ɗan da ke cikinta. Uwayen nan ba ragwaye ba ne, kakannin nan ba su yi sakaci ba. Sun tsare yaro daga wuta, da rijiya, da kunama, gama waɗannan ido yana gani. Dalma kuwa ba ta da wari, ba ta da ɗaci.

Abin da ya fi koya mana shi ne yadda aka yi maganin. An buɗe wuraren jiyya a asibitin Bukkuyum da na Anka, ana ba yara magani na sha wanda ke kama dalma ya fitar da ita cikin fitsari. Amma likitoci suka ce aikin banza ne a wanke jinin yaro a mai da shi kan ƙasar da ta sa masa ciwo. Saboda haka sai da aka bi gida gida a Dareta, da Abare, da Yargalma, da Sunke, da sauransu, aka kankare ƙasar bisa, aka kai ta nesa aka binne, aka zuba sabuwa. Sarakuna suka hana niƙan dutse cikin gari. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗin gwamnati har 2013, yaranta kuwa suka yi ta jiran magani tare da ita. Dubban yara sun sami jiyya kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022.

Kada wani ya ce wannan labari ya wuce. A 2015 irinsa ya faru a ƙasar Rafi ta Jihar Neja. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta kuma ɗage hanin a ƙarshen 2024. Muddin zinariya tana da kuɗi, za a haƙa. Ba ma zargin talaka domin yana neman abin da zai ci. Abin da mu ke roƙo shi ne mai haƙa ya yi wanka, ya sāke riga a can wurin aiki kafin ya shigo ya ɗauki ɗansa, buhun dutse kuma kada ya ƙetare zaure. Yarinya mai talla kada ta kai abinci wurin niƙa da ƙanenta a baya.

Kada mu manta da tsohuwar kanta. Mu kan ce mun bar mata yara, alhali ita ma mai bukatar a duba ta ce. Idonta ya yi rauni, gwiwa ba ta tashi da sauri, a ƙasar nan kuma ta ke zaune tana ci da hannu. Dalma tana kawo wa babba hawan jini, tana ɓata ƙoda. In an bar mata masu rarrafe biyar aka tafi gona tun asuba, lalle ba a yi wa kowa adalci ba, ko ita ko su. Ga shawararmu ga matan unguwa, ba ta bukatar ko sisi. Kamar yadda ku ke yin adashi, ku yi na reno. Ku zaɓi gida ɗaya wanda ba a taɓa niƙa dutse a cikinsa ba, a yayyafa ruwa kafin a yi shara domin kada ƙura ta tashi, a shimfiɗa tabarma mai tsabta, a ajiye buta da sabulu domin wanke hannu kafin ci. Yau wance ta zauna da yaran, gobe wance, kaka tana gefe tana ba da tatsuniya, ana kuma duba ta.

Game da dabbobi, ba mu ce a gina wa agwagwa ɗakin reno ba. Amma ita da kaza da ɗan akuya a ƙasa ɗaya su ke kiwo da yaranmu, su ne kuma su kan fara faɗuwa. In sun soma mutuwa da yawa ba dalili, a gaya wa mai unguwa da ma'aikacin lafiya a ranar, a kuma roƙa a gwada jinin yara ko da suna wasa lafiya lau, gama dalma ta kan daɗe a jiki kafin ta nuna kanta.