Ƙwar Biyu, Ƙwar Biyar: Yadda Waƙa Ke Haɗa Mutum da Mutum

Ɗalibai da yawa sukan yi ƙorafi cewa darasin rubutacciyar waƙa ya fi kowane darasin Hausa bushewa. A ce ka ƙirga ɗango, ka nemo amsa-amo, ka faɗi ko ƙwar nawa ce, shi ke nan a ba ka maki. To, bari mu duba mu gani ko waɗannan ƙa'idodi don jarrabawa kaɗai aka yi su.

Ba sai mun je nesa ba. Malam Mu'azu Haɗeja, wanda ya yi aikin koyarwa a Kano, ya kuma rasu a 1958, sunan garinmu yake ɗauke da shi. An buga Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja a Zariya cikin shekarun 1950, kuma tun daga nan ake karanta littafin a makarantu. A cikinsa akwai Birrul Walidaini, wadda ke magana kan biyayya ga iyaye, da Ilmin Zamani, da Tutocin Shehu.

Abin lura shi ne, a zamaninsa waɗanda suka iya karanta boko kaɗan ne. Ta yaya waƙarsa ta kai ga manomin fadama da masunci a bakin kogi? Ta hanyar rerawa. Nan ne amfanin tsari yake. Kowane baiti yana ƙarewa da gaɓa iri ɗaya, wato babban amsa-amo. Da mai sauraro ya ji baiti uku ko huɗu, kunnensa ya riga ya san inda za a sauka, sai ka ji ya tari mai rerawa kafin a kai ƙarshe. Karin waƙa kuwa, wato jeren gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, shi ke sa ta zauna a ka ba tare da takarda ba. Haka Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya ya bazu: shi makaho ne, kuma makafi masu bara suka yi ta rera shi ƙofa-ƙofa.

Amma a ganina, babu inda zumunci ya fi fitowa fili kamar a tahamisi. Sha'iri ya ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, ta koma ƙwar biyar. Dole ya bi karin mai ita, ya kiyaye ma'anarsa, ya kai maganarsa daidai inda ta wancan za ta karɓa. Waƙar Tabban Haƙiƙa ta bi ta hannu uku a gida ɗaya: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Wani lokaci kuma haɗuwar ta gardama ce. Sa'adu Zungur ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai.

Yau matasa suna rubuta waƙa a waya, wasu irin su Aminu Ala na Kano suna rubutawa sannan su rera da kayan kiɗa a situdiyo. Akwai kuma masu cewa kari da amsa-amo takunkumi ne. Ban ƙi ta tasu ba, sai dai na sha gwada karanta irin waɗannan waƙoƙi a aji, ban ji ɗalibi ya tari baiti ba.

Aikin hutu: kowa ya rubuta baiti biyar masu ƙwar biyu a kan ambaliyar kogin Haɗeja, ya miƙa wa abokinsa ya yi musu tahamisi. Idan mun dawo, ku biyun za ku tsaya gaban aji ku rera.