Tsohuwar Takarda Da Amfaninta

Daga itace ake yin takarda. A masana'anta ana daddatsa itacen ƙanana, a dafa shi da ruwa da sinadarai har ya koma kamar kunu, sannan inji ya shimfiɗa shi, ya matse, ya busar. Aikin yana cin itatuwa da ruwa da wutar lantarki masu yawa.

A da ba haka abin yake ba. A farkon ƙarni na 19, zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, takardar da malamai ke rubuta littattafai a kanta, a bayan raƙuma take ƙetaro hamada. Da yawa daga cikinta a Italiya aka yi ta, kuma da tsummokara. Tsadarta ta sa ko falle ɗaya ba a yarwa.

Daga baya Nijeriya ta gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Iwopin da Oku-Iboku. Duk ukun sun sha fama da durƙushewa, shi ya sa har yau yawancin farar takardar da ake rubutu a kanta daga waje ake sayo ta da dala.

Takardar da aka gama aiki da ita tana iya komawa sabuwa. Ana jiƙa ta, a dama, a tace ƙarafa da leda, a wanke tawadar idan ana son fara. Da wannan ake yin kwali da kiret ɗin ƙwai da takardar tishu. Ruwa da wutar da wannan aiki ke ci ba su kai na sarrafa ɗanyen itace ba. Sai dai zaren takarda yana gajarta a duk juyi, don haka bayan sau biyar zuwa bakwai ba ya sake haɗuwa.

A Gwandu da Kalgo, a jihar Kebbi, ba a rasa tsohuwar takarda. Akwai ta makarantu da sakatariyar ƙaramar hukuma, da ta shagunan fotokwafi na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ranar kasuwa kuma ga kwalayen taliya da na sabulu. Yawancinsu a juji suke ƙarewa. Gaskiya ne ba a jihar Kebbi ake sare itacen takarda ba, itacen girki da gawayi su ne ke cinye dazukan nan. Amma illar takardar da aka zubar a ƙofar gida take. In aka cinna mata wuta, musamman haɗe da leda, hayaƙin yana tayar da tari da asma. In aka bar ta, ruwan damina ya kwashe ta ya cusa a kwalbati, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin haihuwa. Wadda ta ruɓe a ƙarƙashin tulin shara tana fitar da iskar da ke ƙara ɗumamar yanayi.

Tara ta ba wuya. A ware ta daga sauran shara, a ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba. Kwali a warware shi ya kwanta, a ɗaure da igiya, a kai wa masu sayen tsofaffin kaya su auna a sikeli. Wadda ta sha mai ko ta jiƙe ba ta da kasuwa, amma idan aka yayyaga ta cikin ramin taki tare da kashin dabbobi za ta ruɓe ta amfani gona. Takarda mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba a haɗa ta da waɗannan, ana keɓe ta yadda malamai suka koyar. Tsohuwar jarida kuwa ba ta dace da ƙunshin tsire ko ƙosai mai zafi ba, domin tawadarta tana bin mai ta shiga abinci.

Masana'anta ba ta sayen tsohuwar takarda sai in kayan da take yi da ita suna tafiya a kasuwa. Saboda haka mai saye yana da nasa rabon aikin. Kiret ɗin ƙwai na takarda yana ruɓewa idan ya mutu, na roba kuwa yana shekaru a ƙasa. A jikin wasu kwalaye da littattafan rubutu akwai alamar kibiyoyi uku masu bin juna, wadda ke nuna ana iya sake sarrafa kayan, ko kuma da tsohuwar takarda aka yi su.