Kafin a sayi injin man gyaɗa

A garuruwa da yawa na jihohin Maraɗi da Damagaram, mata suna da asusu. Kowane mako su taru, kowa ta zuba abin da aka yanka. Ana kiran wannan tsari Mata Masu Dubara. An soma shi a jihar Maraɗi a shekarar 1991. Idan kuɗi suka taru, sai shawara ta tashi: a sayi inji, a riƙa yin man gyaɗa da yawa.

Shawarar ba ta da laifi. Amma inji kuɗi ne masu nauyi, galibi sai an haɗa da bashi. Ranar da aka kawo shi, bashi ya soma tafiya, ko an sayar da mai ko ba a sayar ba. Saye kafin a san mai saye, shi ne cinikin biri a sama.

Aikin farko a kasuwa yake. Mata biyu su tafi ran kasuwa da takarda da alƙalami. Su zauna kusa da masu sayar da mai. Duk wanda ya saya, su ja layi ɗaya. Su duba awon da ya fi tafiya: lita, ko rabin lita, ko na dala ashirin a leda. Su duba wane mai ne, na gyaɗa ko na jarka da ake kawowa daga waje. Na jarka sau da yawa ya fi araha, kuma shi ne babban abokin takara. A yi haka kasuwa uku, don kasuwa ɗaya tana iya ruɗin mutum.

Sai tambaya. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Idan aka ce wa maƙwabciya: "In mun yi mai, za ki saya?" za ta ce: "Ƙwarai kuwa." Kunya ce ta amsa, ba aljihu ba. Tambayar da ke da amfani ita ce: "Makon jiya, ina kika sayi mai? Nawa kika biya? Me ya dame ki da shi?" Abin da mutum ya riga ya yi ya fi abin da ya ce zai yi gaskiya. A nemi masu sayen mai kullum: mai ƙosai, mai tuwon sayarwa, mahauci mai tsire da kilishi. Mahauci ma ƙuli-ƙuli yake bukata. Idan ɗaya daga cikinsu ya ba da kafin alƙalami don a kawo mashi lita biyar kowane mako, wannan ya fi yabon mutum hamsin.

Bayan haka sai gwaji, da kayan da ke gida. A soya gyaɗa, a kai injin niƙa na gari, a murza da muciya, a matse da hannu kamar yadda aka saba. A rubuta kome. Ga misali. Kuɗin da ke ciki na koyon lissafi ne, kowace ƙungiya ta sa na kasuwarta.

Gyaɗa ɓararra tiya 10, kowace tiya dala 300: jika 15.
Niƙa da itace da gishiri da kwalabe: jika 2.
Abin da aka kashe: jika 17.
Mai lita 7, kowace lita dala 300: jika 10 da rabi.
Ƙuli-ƙuli: jika 9.
Abin da aka samu: jika 19 da rabi.

Riba jika 2 da rabi ke nan. A lura da kyau: kuɗin mai kaɗai bai biya gyaɗa ba. Ƙuli-ƙuli ne ya fid da riba. Inji zai ƙara mai, zai kuma ƙara tunkuza. In garin ba ya iya cinye ƙuli-ƙuli mai yawa, ribar ta maƙale a kwando. Kuma a cikin wannan lissafi ba a sa wahalar matan da suka wuni bakin wuta ba. Ita ma kuɗi ce.

Sai maganar lokaci. Da kaka gyaɗa tana araha. Da bazara, lokacin da manoma ke neman iri, sai ta hau. Gwajin da aka yi da kaka kaɗai bai isa ba. A sake shi da rani, a sake da bazara. Inji ba shi da amfani in babu abin da za a zuba mashi. Ƙasarmu ta ga haka. A da gyaɗa ce babbar hajjar da Nijar ke fitarwa, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta. Akwai manyan injinan mai a Maraɗi da Matamaye da Magarya. Fari na 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, noma ya faɗi, injinan suka rasa gyaɗar da za ta ishe su. Abin da ya sami manya yana iya samun ƙaramin inji na ƙauye.

Idan gwaji ya nuna mai yana ƙarewa tun kafin la'asar, masu saye suna komowa, hannu ya kasa biyan bukata, to lokacin maganar inji ya yi. Ko a nan, a fara ziyarar garin da ke da irinsa. A tambayi gazuwal nawa yake sha, wa ke gyara shi, ina ake samun kayan gyara. Idan kuwa mai ya kwana a kwalba kasuwa uku, an yi hasarar tiya goma, asusu yana nan, sai a gwada wata sana'a.

Aikin da za a yi a aji: gyaɗa ta hau, tiya ta kai dala 360. Kuɗin mai da na ƙuli-ƙuli ba su canza ba. Nawa aka kashe? Riba aka ci ko faɗuwa aka yi, kuma ta nawa?