ZAƁEN IRIN DAWA: KAURA KO FARAFARA?

Manoman Kankiya da Kusada sun gaji dogayen dawoyi iri biyu tun kaka da kakanni, watau Kaura da Farafara. Kowacce da halinta, kuma wanda ya zaɓa ba bisa lura ba ya kan gane kuskurensa ran da ya buɗe rumbu.

Abu na fari da ya kamata a sani shi ne, dawar gargajiya ba ƙidayar kwanakin shuka ta ke yi ba. Gajartar yini ta ke jira. Ko an shuka ta da ruwan fari ko an makara, ba ta fid da kai sai lokacinta ya yi, kuma kowane iri ya saba da ɗaukewar ruwan ƙasarsa. Saboda haka kadan mutum ya ga Farafara mai kyaun ido a kasuwar Caranci, ya saya ya shuka, alhali daga wajen Funtuwa aka kawo ta inda damina ta fi tsawo, to, zai sami kara kamar gora, amma ruwa zai ɗauke tun ba ta yi ido ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Kaura ƙwayarta manya ce, launinta rawaya-rawaya, kanta a dunƙule. Ta fi dacewa da ƙasar nan, masu dawaki kuwa ba su da abin da ya fi ta. Farafara kanta a sake ya ke, garinta fari tas, shi ya sa mata suka fi son ta wajen tuwo. 

Ma'aikatan gona na Samaru, kusa da Zariya, sun fitar da gajeriyar Kaura mai lamba SK 5912. Iska ba ta cika kayar da ita ba. Sai dai kada gajartarta ta ruɗi mutum ya zaci mai saurin nuna ce, ita ma ta kan daɗe a gona. Kuma mai bukatar kara domin danni da jinka da makamashi ya yi lissafi tukuna, gama buhu ba shi ne dukan amfanin gona ba.

Iri kuwa a gona a ke zaɓensa, tun ba a yi girbi ba. A bi kunya-kunya a yanko zangarniyoyin da suka cika, suka nuna tare, a guji mai burtuntuna ko da ɗigo ɗaya ne. A ɗaure su dabam, a rataye inda hayaƙin murhu ke kai musu, kada a sussuka sai gab da shuka.