Darasi Na Tara: Zaɓen Tayil

Idan an gama gini, an yi filasta, sai maganar tayil ta taso. Na bango ba shi da kauri. In aka shimfiɗa shi a ƙasa, nauyi zai fasa shi. Na ƙasa ya fi ƙarfi.

Kada a sa mai sheƙi a ƙasan banɗaki, komai kyansa. Da ya jiƙe sai santsi, tsoho ko yaro na iya faɗuwa ya karye. Mai kaushi ya fi dacewa.

A auna ɗaki tukuna, sannan a ƙara kashi 10 cikin ɗari, domin wasu sukan fashe wajen yanka. In aka koma kasuwa neman ciko, da wuya launin ya zo ɗaya.

Tambaya: Ɗaki mai murabba'in mita 20, tayil na mita nawa za a saya masa?